Keita: Yadda yoyon lagireto ke durƙusar da tsofaffin motocin gazuwal

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Tahoua, tsofaffin motocin gazuwal da ke jigilar albasa da 'yan kasuwa tsakanin Keita, Bouza da Madaoua kan sha wuya a hawan duwatsun Adar. Yoyon lagireto na cikin abubuwan da suka fi tsayar da su.

Girgizar hanya ce ke tsaga bututunsa, ruwan rijiya mai zartsi kuma ya toshe cikinsa. Da ruwa ya ƙare sai inji ya ɗau zafi, gasket ya ƙone, ƙaramin gyara ya koma sauke inji.

Wasu direbobi kan zuba garin taba ko ɗanyen ƙwai don su kai gari, sai dai hakan ƙara toshe shi yake yi. Kanikawa kan bar inji ya huce, su tsiyaye ruwan, su kwance tiyo, su ciro lagireton. Sai su hura masa iska cikin ruwa; inda kumfa ta fito, nan ne ɓular. Na tagulla ana liƙe shi da darma, na alminiyom mai kan roba kuwa galibi sai dai canji.

Kafin a gama, kasuwa ta tashi, albasa na kwance a rana.