Sauyin Nono a Farkon Ciki: Wanne Ne Na Lafiya, Wanne Ne Na Zuwa Asibiti

Ciwon nono na cikin alamomin farko da mace kan ji idan ciki ya shiga, wani lokaci tun kafin ta tabbatar da ɓatan wata. Nonon kan yi nauyi, ya cika, kansa ya riƙa tsami ko ƙaiƙayi, har gogar zane ta dame ta. Dalili shi ne sinadaran jiki, musamman istirojin da furojestaron, suna ƙaruwa, suna buɗe hanyoyin ruwan nono, jini kuma yana ƙara kwarara zuwa wurin. Shi ya sa jijiyoyi ke fitowa raɗau a fata, baƙin da ya kewaye kan nono ya ƙara duhu da faɗi, wasu ƙananan ƙuraje su taso a kansa. Waɗannan ƙuraje ba cuta ba ne. Maiƙo suke fitarwa don kare fatar, saboda haka ba a matse su. Yawanci zafin kan lafa bayan wata 3, dakashi kuma kan fara taruwa daga wajen mako na 16.

Ciwon nono shi kaɗai ba shaidar ciki ba ne, domin gabatowar al'ada da magungunan tazarar haihuwa ma kan jawo shi. Gwajin fitsari bayan ɓatan wata shi ke raba gardama.

Sauƙin ciwon nonon yana ga rigar mama ta auduga mai ɗan yalwa, marar ƙarfe, musamman a zafin Maris da Afrilu na Mubi, lokacin da gumi ke sa ƙasan nono ya saɓule. Tsumma mai sanyi ma yana taimakawa. Idan ciwon ya matsa, farasitamol ne aka fi amincewa da shi ga mai ciki. Sauran magungunan ciwon jiki na kemis, irin su Ibuprofen da Diclofenac, ba a shan su sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Mai goyon da ta yi kwanika ita ta fi shan wahala, don kan nonon kan yi zafi sosai idan yaro ya kama, ruwan kuma ya ragu. Sai dai maganar da ake yi cewa nonon mai ciki ya lalace, yana sa yaro zawo, ba ta da tushe. Yaye na gaggawa shi ya fi cutar da yaron.

Inda hatsarin yake shi ne a jingina wa ciki komai, a ce "ai laulayi ne". Sauyin ciki kan taɓa nono biyu tare. Abin da ya tsaya a gefe ɗaya kuwa sai an duba: kululu mai tauri da ya ƙi ɓacewa, a nono ko a hammata, jini daga kan nono, kan nono da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko fata ta yi rami-rami kamar ɓawon lemu. Ja da kumburi tare da zazzaɓi ma ba sa jiran gobe. Yawancin kululu ba sankara ba ne, kuma sankarar mama ba ta cika zuwa da ciki ba, amma idan ta zo sau da yawa a makare ake gano ta, saboda cikar nonon na ɓoye ta, kunya kuma na hana faɗa. Shafe-shafen magani da tsaga ɓata lokaci ne kawai. Hoton sikanin na nono ba ya cutar da ɗan da ke ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa a fara awo cikin makonni 12 na farko, a je aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Mace a Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu ko Maiha za ta iya farawa daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, wanda zai tura ta babban asibiti a Mubi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola idan da buƙata. Ranar awo, ta faɗa wa ungozomar asibiti abin da ta ji, ta nemi a duba nonon ko da ba a tambaye ta ba.