Ko ka sani? Mabuɗin da ke buɗe kwamfuta daga nisan kilomita 700

Daga Kotonu zuwa Malanville, garin da gada ta haɗa da Gaya a kan Kogin Neja, tafiyar sama da kilomita 700 ce. To, in wata na'urar sadarwa ta rikice a Malanville, ko kwamfutar wani ofis na bakin iyaka ta tsaya, ba dole ba ne injiniya ya kama wannan doguwar hanya. Yana zaune a Kotonu zai iya shiga cikin na'urar ta intanet, ya gyara, ya fita.

Hanyar da aka fi bi wajen irin wannan shiga ita ce SSH. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ne ya ƙirƙiro ta a 1995, bayan an gano ana satar kalmomin sirri a layin jami'arsa. A 1999 masu tsarin OpenBSD suka fitar da OpenSSH kyauta, wadda yau ke kan yawancin manyan kwamfutoci masu aiki da Linux.

A kowace irin wannan kwamfuta akwai asusu guda mai suna root, wanda ba a hana shi komai. Yana iya goge duk bayanai, har da rajistar da ke nuna wanda ya shiga. Sunansa kuwa ɗaya ne a ko'ina, don haka ɓarayin intanet ke sakin manhajojin da ke kwana suna wuni suna gwada masa kalmomin sirri.

Maganin da aka samo shi ne mabuɗin lissafi, wanda ake yi biyu-biyu. Ɗaya tamkar kwaɗo ne da za ka maƙala a ƙofar na'urar, kowa ya gan shi ba komai. Ɗayan yana wurinka, kuma ba ya bi ta waya ko sau ɗaya. Na'urar za ta nemi ka sa hannu a kan wani saƙo da mabuɗinka, ta auna sa hannun da nata rabin, sannan ta buɗe. Ba a cankar irin wannan mabuɗi. Shi ya sa tun OpenSSH 7.0, a 2015, aka daina barin root ya shiga da kalmar sirri, sai da mabuɗi, in ba mai na'urar ne ya sauya tsarin ba.

Amma ni ban ga wannan ya isa ba. Mabuɗin SSH na yau da kullum ba ya da ranar ƙarewa. Ma'aikaci zai bar aiki, ɗan kwangila zai gama nasa ya tafi, nasu rabin na nan a na'urar shekara da shekaru, ba wanda ya tuna ya cire. In aka sace kwamfutar injiniya, mabuɗin da ke ciki kuma ba a rufe shi da kalmar sirri ba, ɓarawo ya samu ikon root ke nan kai tsaye. Sannan in mutum biyar suna amfani da mabuɗi ɗaya, ranar da aka taɓa bayanan kaya ko na kuɗi, wa za a tambaya? A wurin da kwastan, 'yan kasuwa da direbobi duk suka dogara da abin da kwamfuta ta rubuta, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Abin da ya fi shi ne a rufe wa root ƙofar waje gaba ɗaya. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da mabuɗinsa, in aiki ya buƙaci babban iko ya nema ta umarnin sudo, wanda ke rubuta ko wane ne da abin da ya yi. Inda dole ne wata na'ura ta shiga a matsayin root, misali don kwafe bayanai cikin dare, ana iya ɗaure mabuɗinta ga umarni ɗaya tak, daga adireshi ɗaya. Tun 2010 kuma OpenSSH ke karɓar takardar shaida mai wa'adi, wadda ke daina aiki da kanta in ranarta ta cika.