Tankar Mai a Hanyar Haɗejiya: Ina Doka Ta Tsaya?

A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace wa direbanta, ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala cikin lambatu, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, can sai wuta ta tashi. Aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya, aka yi wa mamata jana'iza a kabari guda. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa a ƙarƙashin Hafiz Inuwa, tsohon mataimakin sufeto janar na 'yan sanda, ya ce mutum 209 ne suka rasu.

Abin da aka fi nanatawa bayan nan shi ne laifin masu kwasar ganima. Da gaskiya a ciki. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A makon da abin ya faru litar fetur ta haura naira dubu a wurare da yawa, bayan cire tallafi a Mayun 2023, kuma mai ɗibar man shi ne mutum na ƙarshe a dogon layin sakaci. Kafin a zo kansa akwai wanda ya loda motar a defo, da wanda ya duba burkinta da tayoyinta ko ya ƙi dubawa, da wanda ya ƙyale direba ya yi tuƙin dare ba hutu.

Ya kamata a fahimci yadda fetur yake. Ba ruwan ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da ƙarƙashin kwalbati, ya yi nisa da inda motar ta faɗi. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko wani ya tayar da babur, ko a kunna janareta, kamar yadda aka ba da labarin ya faru a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a ranar 18 ga Janairun 2025, lokacin da ake juye mai daga tankar da ta faɗi zuwa wata. Shi ya sa wanda ya tsaya kallo daga gefe ma bai tsira ba. Mutanen Yamai sun ga irin wannan a Mayun 2019 kusa da filin jirgin sama.

Dokoki kuwa akwai su. Tun 1957 aka ƙulla yarjejeniyar ADR a Janeba kan ɗaukar kaya masu haɗari a mota, Najeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. Ita ce ta tanadi allon nan ruwan lemo da ake maƙalawa gaba da bayan mota. A tankar fetur za ka ga 33 a sama, alamar ruwa mai saurin kama wuta, da 1203 a ƙasa, wato lambar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba fetur. Man dizal 1202 ne, kananzir 1223. Amfaninsa shi ne ɗan kwana-kwana ya san abin da ke cikin tanki tun daga nesa, don wutar fetur kumfa ake zuba mata, ruwa zalla sai dai ya ƙara yaɗa ta. Yarjejeniyar ta kuma buƙaci direba ya sami horo na musamman, a riƙa gwada tankin lokaci-lokaci. A cikin gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, tana da tsarin duba tanka a defo kafin a yarda a loda mata mai. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta haifar, ta hana lodin tankokin da ke cin lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025, bayan masifar Dikko.

Wannan hani ya yi ma'ana, sai dai girman tanki ba shi ne duka ba. Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne murfin. Tankar da murafenta na sama da bawul ɗinta suke da makullin hana tsiyaya za ta iya kifewa mai bai zuba ba, ko ya zuba kaɗan. In mai bai kwarara ba, babu abin da zai tara jama'a. Mai duba mota a defo zai iya gane wannan cikin mintuna, in dai ba an cusa masa wani abu a aljihu ba.

Mutanen Baturiya suna da wani dalilin damuwa na daban. Dausayinsu, da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, yana cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, kuma tsuntsaye daga Turai suna sauka can lokacin hunturu. Da damina kogin Haɗejiya yakan cika ya batse, fadama da tafki da gonar shinkafa su zama ruwa ɗaya. Tankar da ta kife a gefen hanyar da ta ratsa irin wannan wuri, ko wuta ba ta tashi ba, ta yi ɓarna: mai yakan shimfiɗu a saman ruwa, ya bi shi har inda masunta ke jefa taru da inda shanu ke sha. Motar da ta ɗauko katan-katan na maganin feshi ta fi haka muni, don gubarsa ba a ganinta a ruwa.

Akwai kuma jigilar da ba wanda ke lissafawa. Ka tsaya a bakin hanya ranar kasuwa lokacin noman rani, za ka ga babur ɗauke da jarkoki huɗu ko shida na man injin ban ruwa, an toshe bakin wata da leda an ɗaure da roba, ga fasinja a kai. A motar haya ana haɗa fetur da buhun taki da mata da yara. Taki mai sinadarin naitiret ba ya shiri da mai ko kaɗan. Ba ADR ce za ta gyara wannan ba. Aikin shugabannin tasha ne da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma.

Wasu sukan ce a mayar da mai kan jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori, wato kusan hanyar da tankar Majiya ta nufa. Jirgi ɗaya zai ɗauke lodin tankoki masu yawa, kuma ba ya kauce wa rami ko rige-rige da wata mota. Amma shi ma sai da kula. A garin Lac-Mégantic na Kanada, a Yulin 2013, an bar jirgin ɗanyen mai ba a ɗaure burkinsa sosai ba, ya gangaro tsakiyar gari cikin dare ya kashe mutum 47. Layin Nguru tsoho ne, ga ambaliya tana cin ƙasansa, don haka kafin a ɗora masa taragon fetur sai an sake gina shi. Har zuwa lokacin, da yake bututun da ke kawo mai defon Hotoro a Kano ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata, kowace litar da za a zuba a injin ban ruwa a Baturiya a bayan tanka za ta zo, ta ratsa Ringim da Majiya da Gujungu.