Mutumin da Ya Maimaita Tambaya Sau 12, da Yadda Littafinsa Ya Raba Kan Matan Garinmu

Uwargida, kin taɓa kallon hira a talabijin har kika ji kunya ta kama ki a madadin baƙon da ake yi wa tambaya? To, mutumin da zan ba ki labarinsa ya shafe shekara 25 yana wannan aiki. Sunansa Jeremy Paxman, ɗan jaridar BBC a Ingila, wanda ya gabatar da shirin Newsnight daga 1989 zuwa 2014. A watan Mayun 1997 ya titsiye Michael Howard, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar ministan cikin gida ba, kan ko ya yi wa shugaban hukumar gidajen yari barazanar soke shawararsa. Howard ya yi ta kewaye-kewaye, shi kuwa ya yi ta maimaita tambayar har sau 12.

A 2016 ya fitar da tarihin rayuwarsa, A Life in Questions. Ƙanena ne ya samo min tsohon kwafi a Kano, na karanta shi a aikin dare a ƙaramin asibitin da nake aiki a yankin Ɗambatta, cikin damina, lokacin da gero ya rufe hanyoyin da ke tsakanin gonaki kuma marasa lafiya ba sa fitowa sai dole. Da na gama na miƙa wa abokan aikina biyu da wata malamar firamare. Waɗanda ba sa karanta Turanci kuwa, a gidan suna na ba su labarinsa, muna tsinkar zogale. Ban yi zaton zai jawo musu haka ba.

Malamar ta ce irin mutumin da muke buƙata ke nan. Ta tuna mana Kadaria Ahmed, 'yar Arewa, wadda a watan Janairun 2019 ta zaunar da Buhari da Osinbajo, sannan Atiku da Peter Obi, a shirin The Candidates, ta yi musu tambayoyi ba sani ba sabo, aka kuma yi mata ca daga kowane ɓangare. Tsohuwar unguwarzomarmu, wadda muke kira Inna, ba ta yarda ba ko kaɗan. A wurinta, yaron da zai katse babba yana magana ba a yi masa tarbiyya ba, ko da Bature ne. Ta ce ai mun ga irinsu a nan, sojojin baka da ke cika rediyo da dare, har gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a watan Mayun 2025. Ni dai a nan na saɓa wa Inna. Sojan baka yana zagi ne don kare ubangidansa, shi kuwa wannan amsa yake nema, kuma bai bar kowace jam'iyya ba.

Amma inda hira ta yi tsawo, kuma murya ta yi ƙasa, shi ne batun mahaifinsa. Paxman ya rubuta cewa uban, tsohon sojan ruwa, mutum ne mai zafin rai da saurin hannu, yana dukansa da duk abin da ya samu, daga baya ya bar iyalin ya koma Ostiraliya. Bai ɓoye cewa akwai lokacin da ya tsani uban ba, ya kuma yi magana a fili kan ciwon damuwa da ya yi fama da shi. Wata uwa mai 'ya'ya shida ta yi shiru, can ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne mutum ya haura sittin, ya yi suna, ya yi kuɗi, amma bulalar ƙuruciya tana nan a bakin alƙalaminsa. Ta ce ɗanta na uku ya daina yi mata tambaya tun ranar da ta make masa baki a gaban baƙi. Babu wadda ta yi dariya.

Abin da ya ba abokan aikina haushi daban ne. Mutumin da ya ƙware wajen tona cikin wasu, da ya zo kan nasa gidan sai ya ja labule, kusan babu komai kan uwar 'ya'yansa da 'ya'yan. Sannan shi da kansa ya taɓa faɗa cewa maimaita tambayar nan har da cike lokaci, don labarin da zai biyo baya bai kammala ba. Ɗaya ta ce ashe jarumtar ma rabi sa'a ce.

Ni kuma littafin ya tono min wani laifi nawa. Bara, ranar awo, layi ya kai bakin ƙofa, wata ƙaramar uwa ta kawo ɗanta da zazzaɓin cizon sauro. Na ba ta magani, na ce sau biyu a rana har kwana uku. Ta tambaya ko za ta daina idan jikin ya yi sanyi. Ban amsa ba, ina rubutu. Ta sake tambaya. A karo na uku na ɗaga murya na ce ba ita kaɗai ce a layi ba. Ta goya ɗanta ta fita. Bayan mako guda ta dawo da shi a galabaice, don ta tsayar da maganin a rana ta biyu da zazzaɓin ya sauka. Allah Ya taimaka ya warke a babban asibiti. Amsar da ta nema kalma ce ɗaya: a'a, a shanye duka shida.

Don haka idan kin zo gabanmu, uwargida, tambayi sunan maganin, sau nawa, kwana nawa, da abin da za ki gani ki dawo da gudu. Idan ba a amsa ba, sake tambaya, ko da fuskar ma'aikaciyar a murtuke take. Littafin yanzu yana hannun malamar, ta ce za ta karanta wa Inna babin mahaifin da Hausa ranar Juma'a, in an dawo daga gona.