Gandun Dajin Gashaka-Gumti da Manoman Gefensa

A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi dukan irinsa girma a Nijeriya. Duwatsunsa ke shayad da Kogin Taraba, shi kuwa ya zuba cikin Binuwai.

Manomin da gonarsa ta gaji yakan kutsa kurmi ya yi sassabe. Bayan 'yan shekaru ruwan sama ya wanke ƙasar, sai ya ƙara gaba. In itatuwan tudu suka ƙare, rafuka sukan ƙafe da rani, masu fadama su yi hasara.

Kora kaɗai ba ta maganin yunwa. Wajibi ne Hakimai su gargaɗi dagatai a kan zuba taki da sauya shuka, domin tsohuwar gona ta riƙe mai ita.