Ɗaukar Hoton Wasa a Ɗaki Mai Duhu

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton gasar ƙwallon tebur a zauren taron makaranta, ko a nan Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san irin takaicin. A ido ɗakin da haskensa, amma hoto sai ya fito dishi-dishi, hannun ɗan wasa kamar hayaƙi. Sai a ce kyamara ce ba ta da kyau, alhali kuwa haske ne ya yi kaɗan.

Watau kyamara tana da ɗan marufi wanda ke buɗewa haske ya shiga, sa'an nan ya rufe. Don a kama mai motsi cak, sai marufin ya buɗe ya rufe cikin kamar kashi 1 bisa 500 na sakan. A duhu kuwa yakan daɗe a buɗe, kafin ya rufe ɗan wasa ya riga ya gusa.

To, a roƙi malamin wasanni a yi gasar da hantsi, a buɗe tagogi da ƙofofi duka. Mai ɗauka ya ba taga baya; in ya fuskance ta, 'yan wasa za su fito baƙi ƙirin. Ya kuma jira sa'ad da ɗan wasa ya cilla ƙwallo sama zai fara bugu, gama nan ne jiki ke ɗan tsayawa.

Fitilar waya kuwa, ni dai ba na sonta. Haskenta ba ya wuce taku uku ko huɗu, ga shi tana kashe wa ɗan wasa ido.