Mazauna Hanji da Hawan Jinin Masu Juna Biyu

Tun zamanin da fataucin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa a Agege, cimarsu take sauyawa sannu a hankali, har ya zamana gero da dawa da miyar kuka sun ja baya a gidaje da yawa, burodin nan mai laushi da ya ɗauki sunan garin ya karɓe karin kumallo. Al'amarin ya shafi masu juna biyu ta fuskar da ba a zata ba, domin Allah cikin hikimarSa Ya zaunar da ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa a hanjin ɗan Adam, waɗanda ke cin harzar hatsi da ganye, su fitar da sinadarai irin su butiret, da masana ke ganin suna sassauta jijiyoyin jini.

Illar da ake tsoro ita ce jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20 na ciki, furotin ya bayyana a fitsari, wanda in ya ta'azzara yakan kai ga jijjiga. A 2016 masu bincike a Birisben ta Ostareliya suka lura cewa mata masu juna biyu masu ƙiba da ke da yalwar ƙwayoyi masu samar da butiret, jininsu ya fi sauka. A 2020 kuwa likitocin Gwanzhu ta ƙasar Sin suka ɗura wa ɓeraye ƙwayoyin hanjin matan da ciwon ya kama, sai jinin ɓerayen ya hau, wannan kuwa hujja ce mai nauyi, ko da yake ɓera ba mutum ba ne.

Amma kada mai karatu ya yi gaggawar rungumar ƙwaryar nono don gyara ƙwayoyin hanji, gama akwai saɓani. Nazarin Norwe na 2011 ya sami ƙarancin ciwon a wajen masu shan madara mai ƙwayoyi masu rai, alhali bitar ƙungiyar Cochrane ta 2021 ta nuna cewa matan da aka ba irin ƙwayoyin a gwaji, ciwon ya fi kama su. A ganina, komawa ga tuwon dawa da zogale maslaha ce, amma ba ta ɗauke wajibcin awo. Wadda ta ji matsanancin ciwon kai, ko dishi-dishi, ko fuska ta kumbura, Babban Asibitin Orile-Agege ya kamace ta a ranar, inda za a auna jini da fitsari, in hali ya yi a yi mata allurar maganiziyam salfet.